Na Ƙi a Yi Mata Hayar Uwa, Ta Bar Mini Ƙasar

Malama Sa'adiyya, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Bokona bai wuce firamare ba, ita ma ban kai ƙarshenta ba, wannan saƙo kuwa a waya nake danna shi kaɗan-kaɗan in babu fasinja. Ban ɓoye sunan kowa ba sai nawa, don zancen ya riga ya gama garinmu, babu sauran abin rufewa.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Zagga, cikin ƙasar Bagudo. Ranar kasuwar Illo da ta wuce, da safe, na kai wa wani buhunan albasa bakin gulbi, inda jiragen kasuwa ke lodi. Ina cikin kwance igiya sai na hangi wani akwati a jirgin Bunyaminu, shuɗi mai taya, an ɗaura masa jan ƙyalle a hannu. Na san akwatin. Ni na ɗauko shi a bayan babur daga kasuwar Bagudo, ni na ɗaura ƙyallen, don an ce mini a ɗakin kwanan ɗalibai kaya kan yi kama da juna. A gefensa Zuhura ce zaune, yarinyar da zan aura, ta ba gaɓa baya. Akwatin tafiya jami'a ne, Malama, amma jirgin Lolo ya nufa, daga can kuma sai Malanbil a cikin Benin, wurin goggonta Mansura mai sayar da atamfa. Ba ta gaya mini za ta tafi ran nan ba.

Na yi niyyar in ƙarasa wurinta, sai na ga abin da ya tsayar da ni. Mahaifiyarta, Inna Barira, tana tsaye gindin wata giginya, nesa kaɗan da mutane. Laka har idon sawunta, alamar da ƙafa ta ratso fadama daga ruga. Babu ƙwaryar nono a kanta, ni kuwa tunda nake ban taɓa ganin ta a waje ba ƙwarya ba. Aka tada inji. Na ga ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa. Can sai ta ce, "Ke." Matan da ke cikin jirgin duk suka waiwayo, kowace na zaton da ita ake, ban da wadda ake kira. Na ga kafaɗar Zuhura ta motsa, amma ba ta juyo ba. Jirgi ya ja, Inna na tsaye da hannu ɗaya a sama, ba ta ɗaga shi sosai ba, ba ta kuma sauke ba.

Bari in koma baya don ki gane. Zuhura ɗiyar ƙanen babana ce, ita ce kuma ta fari a wurin Inna Barira. Mu Fulani ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ba da labarin haihuwarsa ko da wasa. Matan yanzu sun sassauta, Inna ba ta sassauta ba. In dole ta kama ta ambace ta, sai ta ce "waccan ta Zagga." Kakarmu ce ta ɗauke Zuhura tun da aka yaye ta, ta raine ta a cikin gari, ta sa ta boko duk da surutun dangi. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, shanunsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu ciwo, wasu kasuwa. Kaka ita ma ta rasu bara waccan, babana ne ya rage babba a gida. Kafin ta rasu ta kira ni, ta ce ta ba ni Zuhura in har Zuhura ta yarda, kuma in har zan iya jira ta gama karatu. Zuhura ta yarda. Ni kuwa jira ba ya ba ni wahala, aikina ma rabinsa jira ne a bakin hanya. A tasha "mijin furofesa" suke ce mini, in yi dariya, don a raina daɗi nake ji.

Bana ta ci jarrabawa, aka ba ta gurbi a jami'ar gwamnati a Birnin Kebbi, fannin lissafi. Sai maganar kuɗi ta taso. Na ce zan sayar da babur in koma noma. Ta ƙi. Ta ce tun tana ƙarama duk abin da ta ci na wani ne, na Kaka, na baffa, na maƙwabta, kuma duk wanda ya ba ta yana da ranar da zai tuna mata. Ta ji a rediyo gwamnati na ba ɗalibai lamuni marar ruwa, sai mutum ya gama ya kama aiki ya fara biya, ga kuma tallafin jiha da ba a mayarwa. Ta ce wannan bashin take so, da sunanta, ita ta ci ita ta biya, babu mai yi mata gori. Ban taɓa ganin mutum yana murnar zai ci bashi irin yadda ta yi ba. Har waƙa take yi tana shara.

Muka je Bagudo wurin wani mai shagon kwamfuta, Abdulganiyu, wanda shi ke cika wa yara irin waɗannan abubuwa. Ba mutumin nan ba ne, Hausarsa ta gabas ce. Ya duba takardunta, ya ce sun yi kyau, saura ta haihuwa da ta shaidar asali. Ta haihuwa ba ta da ita, a ruga aka haife ta, wa zai ba da takarda a can? Ya ce to sai uwa ko uba sun je kotu sun yi rantsuwa a kan lokacin da aka haife ta da wurin, amma a fara kawo masa uwar ya rubuta bayaninta. Tun a nan Zuhura ta ce mini Inna ba za ta iya ba. Na ce ta bar ni da ita, zan lallaɓa ta. Na je ruga na ce wa Inna ana son ta a gari saboda karatun waccan ta Zagga. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari na tarar ta ɗaura zanenta na Sallah, ta zubo man shanu a kwalba, wai a ba mai shago. Sawu biyu na yi, don ba za ta hau babur ɗaya da ɗiyarta ba.

Shagon cike yake da samari da 'yan mata, janareta na ta ƙara. Abdulganiyu ya ɗaga murya ya tambayi Inna a ina ta haifi 'yar tata, ga Zuhura tsaye kusa da ita. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sake tambaya. Yara suka fara ƙunshe dariya, wani ya ce ko tsohuwar ba ta jin Hausa ne a nemo tafinta, wani ya ce ƙila ta manta ne, 'ya'yan sun yi yawa. Ina kallon yatsun ƙafarta, ta naɗe su kamar mai tsaye a kan garwashi. Daga ƙarƙashin mayafi ta ce kalma ɗaya tak: ƙetare.

Malama, a wurinmu in aka ce ƙetare, hayin gulbi ake nufi. Illo ƙetare ce, Kaoje ƙetare ce, Lolo ƙetare ce, kuma duk Najeriya ne. In rani ya yi can ake kai shanu. Shi kuwa ƙetare ta rediyo ya sani, ta ƙasashen waje. Ya ajiye biro ya ce Benin ke nan? Inna ta ƙara jan mayafi, don ta riga ta faɗi abin da ya fi ƙarfinta. Na shiga na ce masa ƙetaren gulbi take nufi. Ya ce to ta faɗi sunan garin da bakinta. Gaskiyar magana ni ma ban san garin ba, don rugar rani ba gari ba ce. Makiyayi ciyawa yake bi, yau yana nan, jibi ya wuce dutsen iyaka bai ma lura da shi ba. Abin da na sani kawai, Kaka ta taɓa cewa goron sunan Zuhura da sefa, kuɗin Benin, aka saye shi. Na faɗa masa haka, don a zatona in mutum yana neman ya taimake ka sai ka ba shi duk abin da ka sani. Na ƙara da cewa sefa ko a kasuwar Illo tana yawo, amma wannan bai ji ba.

Ya turo takardun gabana. Ya ce lamunin na 'yan Najeriya ne kaɗai, in ta nema aka gano daga baya, gurbin ma sai an ƙwace, ƙila har da kamu. Sannan ya rage murya ya ce amma akwai hanya. A rubuta Zagga. Akwai wata tsohuwa da yake aiki da ita, a ba ta na goro, ta je ta rantse ita ce uwar, shi ke nan. Ya ce ya yi wa mutane da yawa, babu wanda ya dawo da ƙorafi. Duk wannan Inna na zaune a benci tana ji, kwalbar man shanu a cinyarta.

Na ce a'a. Na ce uwarta na da rai, ga ta nan zaune, ba za a yi mata hayar uwa ba, ba kuma za a ɗora hannu a Alƙur'ani a kan ƙarya da sunanmu ba. Na tattara takardun na ce mu tafi. Ban tambayi Zuhura ba. Ina jin ko kallonta ban yi ba, hankalina yana kan in fitar da Inna daga cikin yaran nan. Na kai Inna ruga, da na dawo ɗaukar Zuhura aka ce ta shiga mota.

Da yamma na same ta a ƙofar gidanmu. Tun tana koyon magana Hamma take ce mini, wato yaya, ran nan "Malam" ta ce. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce matar da ta haife ta ta kasa cewa nan na haife ta a gaban mutane, an samu baƙuwa da ta yarda za ta ce, ni kuma na hana. Ta ce dama can ba na so ta tafi, na dai rasa yadda zan faɗa, yanzu na samu hanya mai tsabta, na tsare ta na kuma fito a mai gaskiya, kowa na sa mini albarka. Ta ce tunda an ce ita 'yar ƙetare ce, za ta je inda aka ce nata ne. Na zaci fushi ne zai huce. Na ce bari in ba ta kwanaki, don na saba in ta hau sai a ƙyale ta ta sauko da kanta. Ashe kaya take haɗawa.

Wannan magana tata ita ke cin raina. Ni da na riga na je Birnin Kebbi da babur ba fasinja, don kawai in ga ƙofar makarantar in san hanyar da zan riƙa kai mata gero da man shanu. Ni da na tambayi wani ɗalibi irin fitilar da ake karatu da ita in wuta ta ɗauke, na saya na ɓoye. Yanzu a tasha sun daina ce mini mijin furofesa, sai su dafa kafaɗata su ce ka iya dabara, Ango, biki ya matso. Zagi ya fi mini wannan. Kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro akwai shi. Na sha tunanin za ta je can ta ga masu magana da Turanci, ta dawo ta ga hannuna duk baƙin mai. Na danne shi ban taɓa bari ya fito ba. Amma tun da ta faɗi haka nake tambayar kaina, ran nan a shago ni ne na yi magana ko tsoron ne? In na yi salla sai in ga ni ne. In na kwanta sai in rasa amsa.

Inna ta daina kawo nono Zagga. Na je ruga na same ta zaune bayan bukka, ba ta aikin komai. Ta dama mini fura, na shanye. Da zan tashi ta tambaye ni, kanta a ƙasa, ko an isa lafiya. Ba ta ce wa take nufi ba.

Zuhura ba ta ɗaukar wayata. Goggo Mansura ta ce tana zaune a shago, ta gyara mata lissafin kaya tsaf, har ta fara tsintar Faransanci, a bar mata ita. Jami'a kuwa ƙarshen watan gobe za ta rufe rajistar sababbi, in ya wuce gurbin ya tafi. To ki gaya mini, Malama. Da gaske ne wanda aka haifa a Benin ba shi da rabo a lamunin nan, ko da ubansa da kakansa duk a Zagga aka binne su? Kuskure na yi da na ƙi? Ko in koma wurin Abdulganiyu in ce a kira tsohuwar? Na kai inda in hakan zai dawo da ita makaranta, ina jin zan iya, Allah ya yafe mini. Ko ba ta aure ni ba, ta yi karatun.

Abu na ƙarshe. Zuhura ta ce wa goggonta ranar da ta taso babu wanda ya zo bakin gulbi saboda ita, ba ta ji muryar kowa ba. In na ce mata uwarta ta zo, za ta ce na ƙirƙira ne don in jawo ta. To ba ni kaɗai na gani ba. Bunyaminu mai jirgi ya gani, don har rage wuta ya yi yana jira ko za a yi magana. Ibrahim Khalil mai shayi ya gani. Goggo Hamsatu mai kifi, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ita ma ta gani, ita ce ta je ta sauke mata hannun, ta zaunar da ita a kan tabarmarta.

Naki, ɗan kabu-kabu daga Zagga.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Rubutunka ba ya bukatar a yi haƙuri da shi, na gane komai.

Kada ka koma neman tsohuwar nan. Ba ku bukatarta, tun farko ma ba ku bukace ta ba. A tsarin mulkin ƙasar nan, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa, ko a wace ƙasa aka yanke masa cibiya. A ce ma rugar nan tana tsakiyar Benin, Zuhura 'yar ƙasa ce kamar ni da kai. Mai shago ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, sannan ya kawo muku maganin cutar da ba ku da ita. Da kun bi shi, da a ranar ne za ta shiga haɗarin da yake tsorata ku da shi, domin rantsuwar ƙarya ita ce ke iya cin gurbi da lamuni gaba ɗaya, ko bayan shekaru.

A iya sanina, abin da ake nema ga mai son lamunin shi ne ya kasance ɗan ƙasa da ya samu gurbi a babbar makarantar gwamnati, yana da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, da lambar jarrabawar shiga jami'a, da takardar ba shi gurbi. Zuhura ba za ta zauna waccan jarrabawa ba sai da lambar katin ɗan ƙasa, ka ga ke nan mafi yawan kayan suna hannunta. Nema kyauta ne, da wayarta ma za ta iya. Tallafin jiha shi ne ya fi bukatar shaidar asali, ita kuma gidan uba take bi: daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa ƙaramar hukuma. Rantsuwar shekaru ba dole sai uwa ba, babban dangi da ya san lokacin haihuwar yana iya yi, ga mahaifinka nan, baffanta ne. Sharuɗɗa kan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka kada ka riƙe maganata yadda ka riƙe ta mai shago. Ka hau babur ɗinka cikin makon nan, tunda ka san ƙofar makarantar, ka nemi ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka tambaye su da bakinka. Ka tambaya har da abu biyu: ko kuɗin lamuni kan iso kafin a rufe rajista, domin sau da yawa yakan makara, da kuma ko suna yarda ɗalibi ya nemi a ajiye masa gurbinsa zuwa baɗi in lokaci ya ƙure.

Yanzu ga tambayarka mai nauyi. Ƙin da ka yi daidai ne, kada ka nemi afuwa a kansa. Ka kare Zuhura daga ƙarya, ka kare Inna daga jin ana cinikin matsayinta tana zaune. Amma akwai inda ka saɓa. Ka ji kunyar Inna ta fi ƙarfin wannan tambaya, Zuhura ma ta gaya maka, duk da haka ka kai ta cikin taron yara ba ka sanar da ita abin da za a tambaye ta ba. Sannan takardun na Zuhura ne, karatun nata ne, bashin da ta yi wa waƙa nata ne, ka tattara ka ce a tafi ba ka waiwaye ta ba. Yarinyar da ta zaɓi bashi don a karon farko ta riƙe abu da hannunta, sai ta ga an sake yanke mata hukunci tana tsaye. Bayan haka ka zauna jiran ta huce, alhali lokacin tashi ne a nemi gaskiyar zancen. Haƙuri halinka ne mai kyau, amma a nan ya ci maka kwanaki. A kan waɗannan za ka ba ta haƙuri, a taƙaice, ba tare da kare kai ba.

Maganar da ta gaya maka ta yi tsauri, ban kuma yarda da ita ba. Mai son tsare mace ba ya zuwa gano hanyar makarantarta. Tsoron da kake ji kowane mai so yana da irinsa, abin da za ka yi daga yau shi zai nuna wanda ya yi magana a shago. Sai dai ka raba abu biyu a ranka da bakinka, karatunta daban, aurenku daban. Kada ɗaya ya zama farashin ɗaya. Ba zan yi maka alkawarin za ta dawo gare ka ba, ban san zuciyarta ba. Gurbin nan dai ana iya cetonsa, shi za ka sa a gaba.

Kada ka fara da kiran waya, kada kuma ka tafi Malanbil kai kaɗai da roƙo. Ka fara samo bayani daga makaranta. Sannan mahaifinka ya kira Goggo Mansura, 'yar'uwarsa ce, ya gaya mata ba a bar mata yarinyar ba, a isar wa Zuhura cewa ƙofa a buɗe take, in tana so ta cika da hannunta. In kuɗin rajista ya zama dole kafin lamuni ya fito, kada ka sayar da babur, da shi za ku ci. Dangi su haɗa, a ba ta a matsayin rance da za ta mayar, tunda kyauta ce ke yi mata nauyi.

Ita kuwa Inna, kada wani namiji ko yaro ya sake yi mata wannan tambaya. Ka je wurin Goggo Hamsatu. Abin da mace ba za ta faɗa a gaban ɗiyarta ba, takan faɗa wa ƙawarta su biyu a bayan ɗaki. Ta tambaye ta wace shekara, wane wuri, su wa ke nan. Duk abin da ya fito shi mahaifinka zai rantse a kai, ko wane gefen iyaka ne. In ya saɓa da abin da ke katin Zuhura, a ofishin masu katin ake gyarawa, ba a shago ba. Labarin bakin gulbi ma Goggo Hamsatu ce za ta ba ta, ba kai ba. Daga bakinka zai zama hujja, daga bakinta zai zama labari, kuma ina zaton Zuhura ta riga ta sani, wanda zai ba ta damar amsawa take jira.

Zuhura, in wannan shafi ya iso gare ki, 'yata, fushinki yana da dalili. Rashin jin sunanki a bakin mahaifiya ciwo ne, ba zan ce miki ba ciwo ba ne. Amma matar da aka tarbiyyantar a kan shiru, ta buɗe baki a cikin shago, ta sake buɗewa a bakin ruwa, ta ba ki iyakar abin da take da shi. Ki yi fushin a aji, kada ki yi shi a shagon atamfa. Ba wanda ya isa ya cire ki daga ƙasar ubanki da baki.

Ƙanena, ka tashi gobe da wuri, hanyar Birnin Kebbi da nisa. Allah ya buɗa mata ƙofar karatu, ya sanyaya zuciyar Inna, kai kuma ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ya ba ka ƙarfin karɓarsa.

Taku, Malama Sa'adiyya.